DOKAR HANA FITA: WANDA YA KULLE ƘOFA, ME KE WUYANSA?



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau maganarmu a kan dokar hana fita ce. Mu mutanen Tudun Wada ba sai an fassara mana wannan kalma ba, mun ɗanɗana ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, gari ya kama da wuta, marigayi Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar awa 24. Ranar 17 ga Yunin 2012 aka tayar da bama-bamai a coci-coci a Wusasa da Sabon Gari, aka sake kulle mu. Ranar 26 ga Maris 2020, a mulkin Malam Nasiru El-Rufa'i, aka fara kullen korona, wanda ya ci kusan wata biyu da rabi, ya haɗiye watan azumi ɗungurungum har da ƙaramar Sallah. Sai kuma Litinin 5 ga Agustan 2024, ana tsakiyar zanga-zangar tsadar rayuwa, gwamnatin Uba Sani ta sa dokar awa 24 a Kaduna da Zariya, ta ce ɓata-gari sun shiga zanga-zangar suna fasa shaguna. Daga Ƙofar Doka zuwa Agoro, daga Kongo zuwa gadar Kubanni, titin da kullum sai ka kutsa tsakanin 'yan acaba da masu Keke ya yi tsit, ba ka jin komai sai jiniya.

Duk lokacin da aka yi haka, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce biyayya ga shugaba wajibi ce, a yi shiru a zauna. Wasu su ce zalunci ne tsagwaronsa, babu wanda ya isa ya hana bawan Allah fita neman abincinsa. Sai a yi ta cacar baki a kan ko halal ne a kulle mutum ko haram ne. Ni a ganina wannan ita ce tambaya mai sauƙi. Mai wuyar tana gaba.

Bari mu fara sallamar mai sauƙin. Eh, shugaba yana da damar ce wa jama'a su shiga gida idan akwai haɗarin gaske a waje. A Suratun Namli Allah Ya ba mu labarin tururuwar da ta hango rundunar Annabi Sulaiman (AS) tafe, ta yi wa 'yan uwanta shela su shige gidajensu kar a tattake su ba da sani ba. Ku lura, ko ita tururuwar da ta ba da umarni sai da ta faɗi dalili. Ranar buɗe Makka, a Ramadan na shekara ta 8 bayan hijira, an yi shela cewa duk wanda ya kulle ƙofarsa ya samu aminci, haka wanda ya shiga gidan Abu Sufyan. Aka kau da mutane daga kan hanya don kar jini ya zuba. A shekara ta 18, lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sarg aka ba shi labarin annoba. Ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansar, ya yi da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke komawa. Sai Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya zo ya shaida musu cewa ya ji Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana na ciki fita don guje mata. Abdullahi ɗan Abbas (RA) kuwa, a wata Juma'a da aka yi ruwa gari ya yi taɓo, ya sa ladaninsa ya ce mutane su yi sallah a gida. Da suka yi mamaki ya ce wanda ya fi shi alheri ya aikata haka. Kenan ko masallaci ana iya ɗage zuwansa saboda cutarwa, ballantana kasuwa da majalisar hira.

Hatta kundin tsarin mulkin Najeriya a kan wannan layin yake. Sashe na 41 ya ba ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, sashe na 45 ya ce ana iya taƙaita shi saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a. Mu ma a al'adance mun gāji abin. Ganuwar Zazzau da ƙofofinta, su Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, ai ba ado aka yi su ba. Dare na yi sarkin ƙofa ya rufe, wanda ya makara ya kwana a waje.

Don haka saurayin da ake cewa a zauna gida shi kuma ya ce sai ya fita “ganin gari”, ko ya je bakin titi ya leƙa sojoji, ko su dasa duwatsu a tsakiyar kwalta su buga ƙwallo don titi ya zama fili, wannan bai da hujja ko ta sisin kwabo. Ya saɓa wa umarnin da ba saɓon Allah ba ne, ya jefa kansa a halaka, ya bar uwarsa da zullumi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

To, yanzu ga mai wuyar.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata mata da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba yanka ta ta yi ba, ba dukanta ta yi ba. Tsare ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta je ta nemi ƙwarin ƙasa ta ci ba, har ta mutu. Ɗan uwa ka tsaya ka kalli wannan hadisi da kyau. Kafin matar nan ta rufe ƙofa, abincin kyanwar ba ya wuyanta. Kyanwa ce mai yawonta, Allah na ciyar da ita a bola da bayan gida. Daga lokacin da ta ja ƙofa ta rufe, cikin kyanwar nan ya dawo wuyanta. Kullewar ita ta haifar da bashin. Malamai ma daga wannan hadisi suka fahimci cewa ajiye dabba a tsare ba laifi ba ne matuƙar za ka ɗauki nauyinta.

Idan wannan hukuncin kyanwa ne, ina ga ɗan Adam? Ina ga gari guda?

Abin da nake so mu riƙe kenan. Duk wanda ya ce da wani “shiga ciki, kar ka fito”, gwamna ne, mai unguwa ne, shugaban 'yan sintiri ne, malamin tsangaya ne, ko uba ne a gidansa, to da wannan kalmar ya ɗauki wani nauyi da dā babu shi a kansa. Mu kuwa mun iya rabin farko, wato ba da umarni. Rabi na biyun ne muke yi wa kunnen uwar shegu.

Ku duba wanda ake kullewa a Tudun Wada. Ma'aikacin jami'a da ke Kongo, albashinsa zai shiga ko ya fita ko bai fita ba. Ɗan kasuwa mai sito yana da buhu a ɗaki. Amma mai facin taya fa? Ɗan ga-ruwa fa? Ɗan dako a kasuwar Tudun Wada, mai shayi, mai wankin hula, lebura mai jiran a ɗauke shi aikin gini, bazawarar da ke suyar ƙosai a bakin layi tana riƙe da marayu huɗu? Waɗannan hannu baka hannu ƙwarya ne. Abin da aka samo da rana shi ake aza tukunya da shi da yamma. Sanarwar da aka karanta a rediyo guda ɗaya ce, amma ba nauyi ɗaya ta sauka a kan mutane ba. Ga wani hutu ne da kallon talabijin. Ga wani kuwa azumi ne da bai ɗauki niyyarsa ba, shi da 'ya'yansa.

Sayyidina Umar ya gane wannan sarai. A shekarar yunwa da ake kira Ramada ya haramta wa kansa nama da man shanu har launinsa ya sauya, ya rubuta wa gwamnoninsa su turo abinci, aka riƙa dafawa ana ciyar da waɗanda suka kwararo Madina. Shi ma yana yawon sintiri da dare. Malaman tarihi sun kawo daren da shi da baransa Aslam suka tarar da wata mata ta aza tukunyar ruwa zalla tana yaudarar 'ya'yanta su yi barci. Bai tambaye ta me take yi a waje da wannan dare ba. Komawa ya yi ya saɓo buhun gari a bayansa. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Umar ya fara ba da umarnin hukunta su, sai ya lura yunwa ake gasa musu, ya juya kan ubangidan. Mai taguwa ya ce kuɗinta dirhami 400, Umar ya ce a biya shi 800. Wanda ya riƙe su bai ciyar da su ba, shi ya biya tara.

Na san wani zai ce, Malam, wace gwamnati ce za ta iya ciyar da miliyoyin mutane? Kuma in gari ya rikice ana ƙone-ƙone, ina lokacin rabon shinkafa? Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi watsi da ita ba. Ranar da ake fasa shaguna ana cinna wa gidaje wuta, kamar yadda muka gani a 2011, kulle gari na kwana ɗaya ko biyu rahama ce, ko da an kwana da yunwa. Yunwar kwana ɗaya ta fi gawa a titi sauƙi. Amma bashin yana girma ne da tsawon kwanaki. Abin da aka yi wa uzuri ranar farko ba za a yi masa uzuri a mako na shida ba. Kuma hadisin kyanwa ƙofa biyu ya bari a buɗe: ko ka ciyar, ko ka saki. Wanda ya san ba zai iya ciyarwa ba, to ya gajarta kullen, ya buɗe wa mutane taga su nemo. A lokacin korona an riƙa ba da kwana biyu a mako a fita cefane. Madalla da wannan, amma tagar mai kuɗi ce. Wanda sai ya yi aiki zai samu kuɗin awo, kwana biyu ba sa ciyar da kwana bakwai. An ce an raba tallafi, wasu sun samu. Ku tambayi layinku gida nawa ya isa. Sannan a watan Oktoban 2020 duk ƙasa ta ga rumbunan kayan tallafi da aka fasa a jihohi da dama, har da Kaduna. Fasawar ba daidai ba ce, ban halatta ta ba. Amma abinci a kulle a sito, mutane a kulle a gida, wannan hoto ne da ya kamata ya hana mai mulki barci.

Malaman fiƙihu suna da ƙa'idoji biyu a nan. Ɗaya tana cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawa a rataye yake da maslaharsu. Ɗayar tana cewa lalura ana auna ta ne da gwargwadonta. Ma'ana dokar da aka sa don wuta, in wuta ta mutu sai a ɗage. In rikici a unguwa biyu yake, ba a kulle gari goma. In dare ne matsalar, a bar wa mutane yini. A Agustan 2024 an yi hakan, bayan 'yan kwanaki aka sassauta aka ba mutane rana aka riƙe dare, kuma wannan shi ne daidai. Haka mai naƙuda da mai rakiyarta zuwa asibiti, mai ciwon da ba ya jiran gobe, masu kai gawa makwancinta, waɗannan dole a san yadda za su wuce shinge ba tare da tsallen kwaɗo ko na goro ba.

Akwai kuma abin da ya fi abinci girma, shi ne rai.

A shekara ta 45 bayan hijira aka naɗa Ziyad ɗan Abihi gwamnan Basra. Ya tarar da gari ya lalace, ɓarayi sun addabi mutane. Ya sa dokar hana fitar dare, hukuncin wanda ya karya ta kisa. Imamu Ɗabari ya kawo a tarihinsa cewa wani dare aka kamo wani baƙauye da ya shigo gari da dabbarsa ta tatsa, dare ya rutsa da shi, bai ma ji an yi shela ba. Ziyad ya saurare shi, ya nuna ya gaskata shi, amma ya ce kashe shi gyara ne ga jama'a. Aka sare kansa. Kuma abin da zai ba ka tsoro, dokar ta yi aiki. An ce Basra ta yi lafiya har abu ya faɗi a hanya babu mai taɓawa sai mai shi ya dawo, mace ta kwana ba ta kulle ƙofa ba.

To ina tambaya, wannan nasara ce? Da yawanmu in an matsa mana da ƙwacen waya da sara-suka mukan ce, ai irin wannan shugaba muke so, mai zafi. Muna faɗa ne don kowa na ɗauka shi ne mai barci lafiya a cikin gida, babu mai kawo wa ransa cewa shi ne baƙauyen. Dokar da aka kafa don tsare jini, in aka zubar da jinin marar laifi don a tsare ita dokar, an juya abin a kife. Babu inda shari'a ta sanya kisa a matsayin hukuncin fita daga gida. Iyakarsa ladabtarwa daidai laifi, a gaban alƙali, bayan an ji uzurin mutum.

Kar ku ce wannan tarihi ne ya wuce. A watan Afrilun 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a makonni biyun farko na kullen korona mutum 18 suka mutu a hannun jami'an tsaro, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. Sannan ranar 6 ga Agustan 2024, nan Samaru, harsashin soja ya kashe yaro ɗan shekara 16 ana cikin dokar hana fita. Rundunar soja da kanta ta amsa cewa sojanta ne ya yi harbin, ta ce na gargaɗi ne, ta ce ta tsare shi. Iyalan yaron kuwa sun ce a gida harsashin ya same shi. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyayensa haƙuri. Amsa laifin da aka yi abu ne mai kyau, ba kullum muke ganin haka ba. Amma ku tuna shelar ranar buɗe Makka: kulle ƙofa a bakin aminci. Ciniki ne, ni na shiga, kai ka tsare min raina. In na cika nawa, aka karya naka, gobe da wane baki za a ce min gida ya fi titi aminci? Ɗan uwa jami'in tsaro, in kana karanta wannan, kai ma ɗan wani ne, na san kana tsaye cikin rana da tsoro da gajiya. Amma ranar lahira ba za a kira wanda ya ba ka oda ya amsa tambayar yatsanka ba.

Wannan ya kawo mu kan yara, kuma a nan yatsan da muke nuna wa gwamnati zai juyo kanmu.

Dokar hana yara fita, mu Musulmi ba mu jira majalisa ta yi mana ba. Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a tsare yara idan duhun magariba ya kawo kai, saboda lokacin ne shaiɗanu ke bazuwa, in wani yanki na dare ya shuɗe kuma a sake su. A hadisin ne aka yi umarni da rufe ƙofofi da ambaton sunan Allah, da rufe ƙwarya da tulu, da kashe fitila. Ku ga tsari. An faɗi lokaci, an faɗi dalili, an faɗi ƙarshe. Kuma da wa aka yi magana? Da iyaye. Ba a ce yara su tsare kansu ba, don yaro an ɗauke masa alƙalami har sai ya balaga. Kakanninmu da ko ba su san lafazin hadisin ba sun san aikinsa. Goshin magariba za ka ji iyaye mata na ƙwala kira, kowane ɗa ya nufi gida. Bayan isha'i in da farin wata a fito dandali ƙofar gida, a idon manya, a yi wasa a yi tatsuniya, a koma.

Yau fa? Zagaya bayan isha'i ka gani. Yaro ɗan shekara goma a gidan kallon ƙwallo, wasan Turai da ba a tashi sai wajen ƙarfe 11. Yarinya da farantin talla a ka tana bin teburan masu shayi da majalisun samari, an ce kar ta dawo sai ya ƙare. Matasa masu kwanan shago waɗanda iyayensu ba su san inda suke kwana ba, kuma ba su tambaya ba. Uba yana majalisa, shi ma sai sha biyu. Wallahi akwai magidancin da ya san adadin awakinsa da magariba, in ɗaya ba ta shigo ba sai ya tashi gida da faɗa, amma bai san ko 'ya'yansa sun cika ba. Sai ranar da gari ya rikice, yaron da bai taɓa jin “shigo gida” daga bakin ubansa ba, ka ce zai ji daga rediyo? A ƙarshe mai bindiga ne zai gaya masa. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 duniya ta ga yaran Arewa da aka kama lokacin zanga-zangar nan an gurfanar da su a babbar kotun tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali don galabaita, har sai da shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Wanda ya tsare su bai kula da su ba zai amsa nasa. Mu ma da muka bar su a titi za mu amsa namu.

Saboda haka idan mutanen unguwa suka zauna da mai unguwa da limamai suka ce daga ƙarfe kaza kar a ga yaro a waje ba tare da babba ba, ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Akwai ƙasashen da suka mai da shi doka. A Aislan, wata 'yar ƙaramar ƙasa can arewacin Turai, ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ba ya kai ƙarfe 8 na dare a waje shi kaɗai, ɗan 13 zuwa 16 kuma ƙarfe 10, da bazararsu a ƙara musu awa biyu. Iyaye ne da kansu ke zagaya unguwa, kuma hukuma na tallafa wa yara da kuɗin shiga wasanni da koyon sana'o'in hannu da makamantansu bayan makaranta. Sun hana, sun kuma ba da madadi.

Sai dai hadisin kyanwa bai tsaya a ƙofar gidan gwamnati ba, yana shigowa har zaurenka. Ka ce yaro ya shigo. Ya shigo ya tarar da me? In ya tarar da tuwo, da uba zaune yana tambayarsa karatu, da wurin kwanciya, to ka kulle shi kuma ka biya. In ya tarar da ɗaki ɗaya da mutum tara, babu abinci, babu mai ce masa sannu sai tsawa, gobe ta katanga zai fita. In kuma ka kulle ƙofa ka bar shi da waya har asuba, titin da ka hana shi ya biyo shi har kan tabarma. Yarinyar da ka ce kar ta yi tallan dare, ka san da ribar tallan uwarta ke sayen gishiri da sabulu? Ka cike wannan gurbin, ko kuwa umarni kawai ka iya?

'Yan sintirin unguwa, Allah Ya saka muku, kuna hana idonku barci don mu yi. Amma in kun kama yaro da dare, aikinku ku kai shi ƙofar gidansu ku buga, uban ya fito ya ji kunya. Aske masa kai da kwalba, ko zane shi da dorina har ya kasa zama, wannan ba tarbiyya ba ce, kuma ba ku da hurumin yinsa. Laifin na wanda ke barci a ciki ne.

Akwai kuma yaron da duk wannan magana ba ta same shi ba, don shi “shiga gida” ba ta da ma'ana a wajensa. Almajiri. Abincin darensa yana cikin gidajenmu, kuma lokacin nemansa shi ne daidai lokacin da hadisi ya ce a tsare yara, tsakanin magariba da isha'i. Ranar dokar awa 24 kuwa, malami na zaune da yara hamsin ko sittin a zaure, babu tukunya, babu damar bara. A 2020 gwamnonin Arewa suka yanke a mayar da almajirai jihohinsu, aka yi ta lodinsu a motoci ana ƙetare iyaka da su, wasu da aka kawo Kaduna daga Kano aka gwada aka same su da cutar. Uban da ya kawo ɗan shekara bakwai birni ya ajiye ba ko mudun gero, da malamin da ya karɓi adadin da ya fi ƙarfinsa, da mu maƙwabta da muke saka su wanke-wanke mu sallame su da ɗumame, kowa yana da kaso a wannan kulle.

Saura tambaya ɗaya da na san tana ran wasu: in hukuma ba ta sauke nata nauyin ba, ni ma na karya dokar kenan? A'a, ba haka kai tsaye ba. Gazawar wani ba ta halatta maka jefa kanka da jama'a cikin fitina, ba ta kuma halatta maka kayan shagon wani, wanda shi ma talaka ne irinka. Wanda lalura ta gaske ta fitar, ciwo ko yunwar da ake tsoron halaka, ya fita gwargwadon lalurarsa ya dawo, babu zunubi a kansa in sha Allah, kuma wajibi ne jami'i ya saurare shi. Sauranmu mu zauna, mu kuma faɗi gaskiya ta hanyar da ta dace: malamai a kan mumbari, masu unguwanni a gaban hakimi, wakilanmu a majalisa. Yin biyayya bai hana ka ce a ba mu haƙƙinmu ba.

Kafin nan kuma akwai abin da ba ya buƙatar sa hannun gwamna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane masallacin khamsu salawat a Tudun Wada ya san mutanen sahunsa. Liman da mutum uku za su iya zama yau, gari lafiya, su rubuta gidajen layinsu da sai an fita ake ci, da gidajen marayu, da matan da cikinsu ya tsufa, da wanda ke da mota ko Keken da zai kai su asibiti cikin dare, da makarantar allon da ke kusa da yawan yaran da ke kwana a cikinta. Masu hali su ajiye buhu ɗaya ko biyu na masara a hannun amintacce, a riƙa sabunta shi kar ya yi ƙwari. Duk ranar da aka sake jin sanarwa a rediyo, kafin la'asar tiya-tiya ta shiga waɗannan gidaje ta ƙofar maƙwabta, ba sai kowa ya taka kwalta ba.

Wallahu a'alam.